Gyaran da surukina ya yi wa mota

Jiya a wani gareji a Sabon Layi, Ayuba makaniki ya jona kwamfutarsa a tsohuwar a-kori-kurata, bayan ta mace min da buhunan masara a hanyar Duvu. Lambobin matsala suka dinga fitowa, har na gaji da kallo.

Na ce, "Ayuba, kwamfutarka ƙarya take yi! Fitilar inji ba ta taɓa kamawa ba. Surukina da ya sayar min har rantsuwa ya yi."

Ya sa farce ya ɓare wani baƙin salatif a gilashin mita. Ga fitila tana ci abinta.

Ya ce, "Oga, motar ta daɗe tana kuka, bakinta aka toshe."

Sannu surukina, babban injiniya! Jama'a, motar zan mayar masa ko salatif ɗinsa?