Garwashin da Ya Samo wa Kakata Gida

"Kai angona, duk wahalar nan a kan ɗaki biyu?" Haka kakata ta ce jiya, da ta ji dillalin gidan haya yana ta tsare ni da tambayoyi a waya.

Ta ce shekarar samun 'yancin kai suka baro Fassi zuwa Rano, mijinta ya samu aikin malamin gona. En'e tana da gidajen haya masu sauƙi don ƙananan ma'aikata, amma sai mai unguwa ya shaide ka. Ɗaya ne ya rage, ga damina tafe, su kuma suna raɓe a gidan wani.

Mijin nata ya sha babbar riga ya tafi wajen mai unguwa, ya haddace amsoshinsa. Mai unguwa bai tambaye shi komai ba. Ashe matarsa ya tura wajen kakata ɗibar wuta.

"Na zuba mata garwashi, na ƙulla mata daddawa, na rako ta har ƙofa."

Washegari mai unguwa ya ce, "Malam, maƙwabciya muke nema, kuma mun samu."

Har mijinta ya rasu tana yi masa gorin gidan nata ne.

Ku fa, yau wa zai shaide ku a unguwarku?