Fulas ɗin Kawu Ɗantala

A bakin lasifika na fara jin sunansa, ranar kasuwar Sabon Wuse. Wata tsohuwar mota ce ke zagawa tana shelar maganin Dokta Ɗantala: basir, shawara, taifot, duk a gora ɗaya. Na yi dariya. Umma ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce min yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Doktancin nasa kuwa, shara ya taɓa yi a wani kemis a Zariya. Da ya dawo Suleja ya kama ɗaki a Kurmin Sarki, sai ya sayi farar riga. Saiwoyi yake dafawa, ya daka ƙwayoyin ciwon jiki ya zuba, wai don mai sha ya ji aiki nan take.

Da aka kwantar da Baba Khamis, mahaifina, a asibiti, gudawa da amai sun riga sun tsotse shi. Ana ƙara masa ruwa, har ya fara zama. Sai ga Kawu ya zo dubiya da fulas irin na kunu, ya wuce nas-nas yana gaishe su da Turanci. Ya tsiyaya a murfi ya miƙa. Baba bai yarda da maganinsa ba ko kaɗan, amma wa zai mayar da hannun yayan matarsa a gaban mutane? Ya ce, “Na gode, Yaya,” ya shanye. Kullum haka, ba wanda ya iya ɗaga ido ya hana.

Fitsari ya ɗauke. Ƙafafu suka kumbura, Baba ya daina gane mu. Likita ta shinshina fulas ɗin ta ce ƙoda ce ta tsaya, ta tura mu Gwagwalada wankin ƙoda. Kawu bai taka can ba. Yana gari yana faɗa wa mutane ruwan asibiti ne ya yi wa surukinsa yawa.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ƙodar ta dawo aiki. Ranar da aka sallame shi Kawu ya riga kowa zuwa barka, ya ci tuwo har da ƙari. Da zai tafi ya kira ni zaure, ya miƙo min wayarsa.

“Mansura, ke mai boko ce, muryarki tana fita. Ki ɗan yi min magana a nan, zan sa a lasifika. Ki ce mahaifinki ya sha, ga shi ya tashi.”