Shawarar da Na Ɗauko a Bakin Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina.

Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Tun rasuwar Malam, maigidana, hannuna ya yi nauyi. Jiya na ga hoton jikata a wani gidan cin kifi a Legas, sai wani ciwo da na yi kusan shekara hamsin da suka wuce ya dawo mini sabo. Ban taɓa ba da labarinsa a fili ba.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne aka mayar da Malam Ikko, wato Legas, yana akawu a tashar jiragen ruwa. Ni kuwa 'yar Roni ce, ruwan da na sani bai wuce rafi da tafki ba. Ina ɗauke da cikin fari, wata shida.

Ranar da aka ƙara masa girma ya shigo yana murmushi. "Binta, ɗauko mayafinki, yau ba girki."

Ya kai ni wani gidan abinci a bakin teku. Tebura da fararen ƙyallaye, iska na kaɗawa. Aka kawo ƙaguwa da jatan lande, da wasu 'yan halittu a cikin ɓawo waɗanda ake matsa wa lemon tsami a haɗiye ɗanye.

Na ce, "Malam, wannan halas ne kuwa?"

Ya yi dariya. "Halas ne. Ci, ki samu labarin bayarwa a Roni."

Shi gasasshen kifi kawai ya ci. Na ɓawon duk ya turo mini, wai su ne abincin manya. Bayan la'asar muka taka a kan yashi, yana riƙe da takalmana. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka kai ni gida goyon ciki.

Kasala ta fara. Sai zazzaɓi, sai amai. Ko ƙamshin miya ba na so. Fitsarina ya koma kamar shayi. Na ɗauka duk na ciki ne, kunya kuma ta hana ni faɗa.

Wata safiya Inna, mahaifiyata, ta tsura mini ido. "Fito cikin haske." Ta ja fatar idona ƙasa, ta duba. Can ta ce, "Shawara ce."

Aka jiƙa saiwar rawaya, aka sayo rake. Kwana uku ina sha, jikin sai baya yake yi. Rana ta huɗu na kasa tashi alwala. Baffa, mahaifina, ya tsayar da motar kasuwa zuwa Kazaure, daga asibitin can aka tura mu Kano.

Kullum da safe a ɗebi jini. Ƙarin ruwa, kwalba bayan kwalba. Aka ware mini kwano da moɗa. Gado da magani kyauta ne a lokacin, amma zaman jinya a birni sai da ya ci wa Baffa maraƙi guda.

Likita ya tambayi abin da na ci a makonnin baya. Da na zo kan na ɓawon nan sai ya ajiye biro. "Mai yiwuwa daga nan ne. Hantarki ta kumbura. Ba allurar da ke korar wannan, sai hutu da ruwa da sa ido. Ba zan ɓoye miki ba, ga mai ciki yana da haɗari."

Aka buga wa Malam waya. Kwana biyu ya yi a jirgin ƙasa. Ya shigo, ya ga idona kamar an ɗiga kurkum, ya manta Inna na zaune, ya durƙusa a gefen gado.

"Ni na ba ki da hannuna, Binta."

Na ce, "Daɗi ka ba ni, Malam. Ciwo kuwa na Allah ne."

Inna, wadda ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta ce da bango, "A gaya masa ya tashi. Ba wanda ya ga laifinsa."

Ranar da ta fi kowace tsanani ita ce ranar da cikin ya daina motsi. Tun asuba har azahar, shiru. Ina dafe da shi, ina tsoron faɗa, kamar in na faɗa zai tabbata. Malam ne ya lura, ya kira ungozoma.

Ta kafa ɗan ƙahonta na sauraron ciki a cikina, ta kara kunne. Ta matsa gefe. Ta sake matsawa. Ina jin Malam yana karanta Ƙulhuwallahu yana sarƙewa.

Sai ta ɗago. "Ga zuciya nan tana bugawa. Barci ne."

Kafin la'asar na ji shuri a haƙarƙarina. Na yi kuka har Inna ta tsawata mini.

A mako na uku na ce ina marmarin kunun tsamiya. Malam ya zaga unguwa a ƙafa har ya samo. Na shanye tas. Likita ya ce alamar da yake jira ke nan. Sannu a hankali idon ya washe, bayan mako biyar aka sallame ni.

A Roni na haihu. 'Yar ƙarama ce, amma kukanta ya cika gida. Ita ce 'yar farina, wadda har yau ba na faɗin sunanta.

Na gode wa Allah da ya ara mini waɗannan shekaru. Allah ya jiƙan Inna da Baffa da Malam. Ungozomar nan ko sunanta ban sani ba, amma tana cikin addu'ata.

Ban ce kada ku je gidajen cin kifi ba. Ku je, ku kai matanku, ni ma na koma daga baya. Amma abin ruwa a dafa shi ya dahu, mai ciki kuwa kada ta kusanci ɗanye. In fitsari ya yi duhu ko ido ya sauya, ku tafi asibiti ranar, kada ku tsaya jiƙo. Ku gaya wa likita duk abin da kuka ci, ko da wata guda ya wuce. Ku tambaya game da rigakafin ciwon hanta.

Ku kuma 'yan mata masu cikin fari, kunya adonmu ce, amma ba a yi wa ciwo ita. Abin da kika ji a jikinki, faɗe shi da ƙarfi.