Afiniki Mai Kiran Suna

Ƙarfe shida da rabi na kowace safiya, ko ana ruwa ko ba a yi, Sajan Afiniki Zamani takan ja ƙofarta a Madakiya, ta sa takalmin roba, ta kama hanya. Gidaje goma sha ɗaya take zagawa, duk na tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi Kaduna ko Abuja suka bar su da kaji da rediyo. Ba ta shiga ɗakin kowa. A tsakar gida take tsayawa, ƙafa a haɗe, ta kira cikakken sunan mai gidan. In an amsa "Ina nan", sai ta wuce. In an yi shiru, ta kira har sau uku, sannan ta tura ƙofa.

Gida na bakwai na mahaifiyata ne, Milka. Ni Silvanus ɗanta, ina koyarwa a Kaduna, ina kiranta a waya ran Lahadi in ban manta ba. Da kunya nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Shekara talatin da biyar Afiniki ta yi a soja, a ƙarshe ita ke kiran sunan 'yan rukuninta da safe. Mijinta ya mutu a bakin aiki, ba su haihu ba. Da ta dawo gida shekara shida da suka wuce, iyayenta sun riga mu gidan gaskiya, sa'o'inta sun watse. Ba wanda ya yi mata mugunta. Mukan ce "Sannu, Soja", mu ba ta hanya, shi ke nan. A zumuntar mata tana zama can baya, in an tashi rawa kuma sai ƙafarta ta koma fareti, mata su riƙa danne dariya da bakin zane.

Ta faɗa mini cewa a lokacin takan shirya tsaf da sassafe, ta zauna a bakin gado har rana ta yi zafi, don ba inda ake jiranta. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Da ta fito, maƙwabciya ta gaishe ta kamar jiya suka rabu.

"A bariki, in safiya ɗaya ba a gan ka ba, za a neme ka, ko don a hukunta ka," in ji ta. "A nan na ɓace kwana huɗu, ba wanda ya sani."

Sai aka shiga haƙar citta, kowa yana gona, Baba Samson ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa. Kukan awakinsa ne ya sa aka leƙa a rana ta uku. Washegarin biso Afiniki ta fara zagayenta, ba ta nemi iznin kowa ba.

Nan fa ta taka sawun da ba a takawa. Mu a nan, wa ke kiran tsohuwa da sunan yanka? Mamar wane ake cewa, ko Kaka. Ita kuwa yadda ta saba a bariki haka ta yi, ta tsaya a tsakar gidanmu ta ce "Milka Kumai!" Magana ta kai ga dattawan ikkilisiya. Ni ma da na ji, raina ya ɓaci, na ce a gaya wa matar nan uwata ba kurtu ba ce. Aka kira ta bayan sujada don a ja mata kunne. Tana tsaye a gabansu, sai mahaifiyata ta dogara sanda ta miƙe.

"Dattawa, ku bari ta kira," ta ce. "Tun da baban Silvanus ya tafi gida wurin Ubangiji, ba wanda ya ce mini Milka. Ni ma na fara manta wai sunana ne."

Ba a ƙara tayar da maganar ba.

Afiniki, ke ce kika tarar da Kaka Hulda a bayan ɗaki, ta faɗi ta karye a ƙugu, kika goya ta har bakin titi aka kai ta asibiti a Kafanchan. Ke ce Malam Umar Faruk, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yake sa hula ya zauna jiranki, ya amsa yana sara miki. Huɗu daga cikinsu kin raka su kabari, kuma an gan ki, har yau in kin zo ƙofofinsu sai kin ɗan tsaya. Uwar safiya, mai ƙirga waɗanda aka daina ƙirgawa.

Abin da bai taɓa faɗo mana a rai ba shi ne, in ta gama da ƙarfe takwas, gida take komawa ita kaɗai, kuma gidanta ba ya cikin jerin kowa.

Da daminar bara, wata safiya bakwai ta yi, bakwai da rabi ta wuce, shiru. Mahaifiyata ta ɗauki sanda ta biya wa Malam Umar Faruk, suka kwashi wasu uku. Tafiyar minti goma ta ɗauke su kusan awa. A tsakar gidanta suka tsaya suna kallon juna, don tun da ta dawo ba wanda ya kira ta da wani suna ban da Soja. Mahaifiyata ce ta ɗaga murya.

"Afiniki Zamani!"

Shiru. Ta sake, shiru. A na uku wata murya ta fito can ƙasa-ƙasa: "Ina nan."

A ƙasa suka same ta, hawan jini ya kayar da ita, hannu ɗaya ba ya motsi. Ta ce tun kira na farko ta ji, kuka ne ya hana ta amsawa.

Yanzu da sanda take zagayen, yana kai ta har ƙarfe goma, ba ta fasa ba. Mun gode, Afiniki. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi, ya gafarta mana mu masu waya ran Lahadi. Mai karatu, akwai ƙofa a unguwarku da ba a ƙwanƙwasa ba tun shekaranjiya. Je ka tsaya, ka kira, ka jira amsa.

Jerin Madakiya ya zama gida goma sha biyu. Na ƙarshen, mahaifiyata ce ke kiransa.