Inda MaMlilo Ta Bar Makahon Karenta

A unguwar Luveve da ke yammacin Bulawayo, in ka tambayi gidan Sithembiso Khabo sai mutane su tsaya suna duban juna. Amma ka ce gidan MaMlilo mai ɗinkin kayan makaranta, nan take za a nuna maka wata katanga da bishiyar gwaba ta leƙo ta samanta. Da sunan gidan ubanta ake kiranta, kamar kowace matar aure a nan, har ita kanta takan yi jim in ta ji sunan yankanta a asibiti.

Shekara ashirin da shida ta yi a wani kamfanin tufafi a Belmont tana haɗa wuyan riga. Wuyan riga kawai, safe da yamma, har takan ce ko a mafarki bai taɓa karkace mata ba. Da aka rufe kamfanin sai ta sayi tsohon keken ɗinki ta kafa shi a falo, ta shiga ɗinka wa 'yan firamare riguna da siket. Mijinta Dumisani direban bas ne, shekara biyar ke nan da rasuwarsa. 'Yarsu ɗaya tilo, Nobesuthu, tana aikin jinya a Johannesburg. Gidan ya rage daga ita sai kare.

Dumisani ne ya tsinto shi a bakin wata kwalbati a hanyar Nkayi, ya kawo shi cikin aljihun kwat, ya sa masa suna Khanka, wato dila da harshensu, saboda tsinin bakinsa. Yau shekararsa goma sha uku. Zuciyarsa ta yi rauni, kullum da safe sai an tusa masa ƙwaya cikin lomar tuwon masara. Idanunsa kuwa shekara biyu ke nan da suka rufe sarai.

Baƙo ba zai gane ba, don Khanka ya haddace gidan da kafaɗarsa. Yakan fito daga ƙofar kicin, ya jingina da bango ta hagu, ya bi shi har gindin famfo inda kwanon ruwansa yake. Daga nan ya ratsa tsakanin duro da bokitai biyu, ya kai gindin gwaba ya yi abin da ya kai shi, sannan ya dawo wani ɗan fili inda hantsi ke sauka ya kwanta. A garin da ruwa ke zuwa kwana biyu a mako, kowane tsakar gida cike yake da bokitai da jarkoki, yau nan gobe can. Na MaMlilo ne kaɗai ba sa motsi. Ko ta cika su, a kan tabon da gindinsu ya bari take mayar da su. Shekara biyu ba ta kwana a waje ba, ko zaman makoki ta je sai ta nemi uzuri kafin magariba.

A farkon Agusta, ana tsakiyar iska mai sanyi, Nobesuthu ta bugo waya. Likita ya ce aiki za a yi mata a ciro jaririn, an ma sa rana, tana son uwarta kusa da ita mako uku. Haihuwar fari ce. MaMlilo ta yi godiya ga Allah, ta yi 'yar guɗa, tana ajiye wayar kuma ta dubi ƙofar kicin inda Khanka yake. Zancen ƙin zuwa bai ma taso ba. Abin da ya taso shi ne wa za ta bar wa Khanka ta dawo ta same shi da rai.

Nobesuthu ta riga ta yi bincike. Akwai wata mata da ke zagaya gidaje safe da yamma tana ciyar da karnukan matafiya. MaMlilo ta ce ba ta ba wa wadda ba ta san uwarta ba makullin gida. To, akwai gidan ajiye karnuka a hanyar Matopos, mai tsabta, likitan dabbobi na kusa da su. Suna cikin wannan shawara sai saƙo ya iso daga Nkayi: Babakazi ta ji labari, ba za a bar gidan ƙaninta babu kowa ba, tana nan tafe ranar Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyar. Ba tambaya ta yi ba, sanarwa ce.

Babakazi yayar Dumisani ce, gwaggon Nobesuthu, kowa kuma da wannan sunan yake kiranta. Shekararta saba'in da huɗu. Ita ta karɓi MaMlilo ranar da aka kawo ta amarya, ita ta nuna mata murhu da inda ake zubar da toka. Shekara arba'in bayan haka, har yau a durƙushe MaMlilo ke miƙa mata shayi. Macen da aka biya shanu aka kawo ba ta koya wa 'yar gida yadda za ta zauna a gidan ƙaninta. Ita kuwa Babakazi ba ta iya ganin abu a inda ta same shi. Gyara shi ne gaisuwarta: ta share, ta kwashe, ta jera. Kare kuma a wurinta abu ne da ke cin ɗan ragowar tukunya ya kwana a waje.

Saboda haka MaMlilo ta ɗauki katin rigakafin Khanka, ta roƙi wani maƙwabci mai mota, suka tafi hanyar Matopos a gwada yini ɗaya. Mai wurin, Misis Fourie, dattijuwa ce mai takalmin roba, ta durƙusa ta bar Khanka ya shinshina hannunta kafin ta taɓa shi. Wannan ya kwanta wa MaMlilo a rai. Ta ga allon da ake rubuta maganin kowane kare da lokacinsa, ta ga ɗakunan siminti a jere suna ƙyalli. Sau biyu a rana ake wanke su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ji Misis Fourie, a kwashe kwanuka da barguna, in ƙasa ta bushe a mayar. Karnuka kusan arba'in ne ke haushi a lokaci guda.

Ranar ba ta ɗinka ko hannun riga ɗaya daidai ba. Ƙarfe huɗu ta koma, ta tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗakin, ƙafafunsa na rawa, harshe a bushe. Kwanon ruwa na bayansa taku biyu, cike fal. An wanke ɗakin da rana, an wanke har warin jikinsa da ya bari don ya gane hanya da shi, kwanon kuma an mayar da shi wata kusurwar.

Misis Fourie ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce za ta sa a daina motsa kwanonsa, amma wanki dole ne, haushin kuma ba ta da yadda za ta yi da shi. Wasu tsofaffin kan saba bayan kwana uku ko huɗu, wasu ba sa sabawa, da irin zuciyarsa ba za ta yi alkawari ba. Abin da za ta iya rantsuwa a kai shi ne ba zai taɓa rasa ƙwayarsa ba, in kuma ya faɗi, likita zai iso cikin minti goma. Za ta riƙe masa ɗaki har azahar ɗin Juma'a.

Gaba kura baya siyaki. A can akwai magani babu gida, a nan akwai gida amma za a juya shi. MaMlilo ta yi kwanaki tana auna su.

Ranar Alhamis Babakazi ta sauka da buhun gyaɗa da kaza a kwali. Ba ta gama shan shayi ba ta nemi tsintsiya. Kafin la'asar bokitan nan biyu sun koma jikin bango a jere, kwanon ruwa ya tashi daga gindin famfo ya koma bayan ɗaki, wai ba a ajiye kwanon kare inda mutane ke ɗiban ruwa. Khanka ya fito, ya jingina da bango kamar kullum, ya yi taku biyar ya buga hanci a bokiti. Ya tsaya cak, kansa a sunkuye, bai yi gaba ba bai yi baya ba.

Babakazi ta yi dariya ta ce karnukan birni har tafiya sai an koya musu.

MaMlilo ta shige ɗaki ta kira 'yarta. Nobesuthu ta ce mata a waya ta rubuta komai a takarda ta manna a firji, ai haka ake yi. Ta rubuta kuwa, layi tara, ta karanta, ta ji kamar ta mari yayar mijinta, sai ta cusa takardar cikin akwatin zare.

Gari ya waye ranar Juma'a, motarta gobe da sassafe. Rana ta ɗaga sosai, Babakazi na kan tabarma tana ɓare gyaɗa, MaMlilo na zaune a dokin ƙofar kicin da waya a cinya, lambar Misis Fourie a buɗe. Khanka ya lallaɓo ya ɗora haɓa a ƙafarta. Nan ta tuna yadda matan gidan ubanta ke yi in magana ta fi ƙarfin bakinsu a gaban surukai: sai su gaya wa kare, ko kaza, ko tukunya, mai kunne ya ji. Ta gyara murya.

“Khanka, tsoho na, gobe zan tafi. Ka san ba ka gani, shekara biyu ke nan, kada ka yi ta nuna kai jarumi ne. Hanyarka ta jikin bango ce. Kwanonka a gindin famfo ka saba samunsa, in ba ka same shi can ba ƙishirwa za ta kashe ka ba ka nema ba. Ƙwayarka tana cikin gwangwanin shayi, guda ɗaya da safe, a cikin loma. Kada ka ba wa manya wahala.”

Ƙarar ɓare gyaɗa ta tsaya. MaMlilo ba ta ɗaga ido ba.

Babakazi ta miƙe da ƙyar, ta zo ta sunkuya, ta kaɗa hannu a gaban fuskar karen. Ko ƙiftawa bai yi ba. Ta daɗe tana duban fararen idanun nan, sannan ta koma tabarmarta.

“Kai kare,” ta ce, “ka tambayar mini uwar ɗakinka, bakinta ɗinke shi ta yi da keken nan? Tun jiya ta bar ni ina maka dariya kamar mahaukaciya. Ka gaya mata ina 'yar shekara tara aka ba ni kakarmu makauniya in riƙa ja mata sanda. Sau ɗaya na matsar da kujerarta don in share, ta faɗi ta fasa goshi. Dukan da na sha ranar har yau in hadari ya haɗu ina jin sa.”

MaMlilo ta sa gefen zane ta goge ido. Ta gaya wa Khanka ya yi wa Babakazi godiya, ya kuma roƙa mata gafara, tsoro ne ba raini ba.

Babakazi ta ce wa karen kada ya yi saurin murna. Hannunta ba zai shiga bakin kare ba, lomar a kwano za ta ajiye, in ya ci ƙwayar ruwansa, in ya tofar ruwansa. Kuma ba ta kwana rufi ɗaya da dabba, a baranda zai kwana.

MaMlilo ta san Khanka gwani ne wajen lashe tuwo ya bar ƙwaya, sanyin Agusta kuma ba ya wasa da tsoho. Ta dubi wayar. Saura awa ɗaya azahar. A hankali ta shaida wa Khanka cewa in aka daka ƙwayar aka cuɗa da romo ba ya ganewa, kuma tsohuwar kwat ɗin mai gidan tana nan, in an shimfiɗa a lungun baranda iska ba ta kai wa nan. Sai Babakazi ta tashi ta ɗauki bokiti ɗaya, ta tsaya a tsakar gida tana tambayar karen a ina ne ma abin nan yake da. MaMlilo ta nuna tabon da ɗan yatsan ƙafa.

Da bokitan da kwanon suka koma mazauninsu, ta shiga ɗaki ta kira Misis Fourie ta ce a ba wa wani kare ɗakin. Matar ta ba ta lambar likitan, ta ce a rubuta da manyan baƙaƙe. MaMlilo ta rubuta, ta rasa yadda za ta miƙa, ƙarshe ta saka a gwangwanin shayin tare da ƙwayoyin.

Da sassafe ta fito da jakarta. Khanka ya biyo ta jikin bango, ya wuce famfo, ya tsaya a gindin gwaba yana juya kunne, don ƙofar waje ba ta cikin hanyarsa. Ta so komawa ta sake shafa shi, Babakazi ta ce mota ba ta jiran mai kuka.

Tun daga tasha wayar ke hannunta. Sun wuce Gwanda, rana ta take, ba ta kira ba, don ba a bin babba da tambayar ko ya yi abin da ya ɗauka. Ta ƙi cin guzurinta. Suna cikin layin kan iyaka a Beitbridge wayar ta yi ƙara, ta ga sunan Babakazi, ta ɗauka.

“Karenki ya ce in gaya miki ya ci, ya sha, yana kwance a rana,” in ji Babakazi. “Na gobe kuma sai goben.” Ta kashe.

MaMlilo ta mayar da wayar cikin jaka, ta matsa gaba a layi. Saura kwana ashirin.