Shafin Rajistar Iri da Wayar Baba Modu

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da Injiniya Kabiru ya ce manomanmu ne matsalar ba. Lokacin ina jami'in kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗejiya. Ruwa ya cinye gonakin damina a shekarar. Aka samo irin noman rani, amma da sharaɗi: sai wanda ya yi rajista ta intanet kafin Juma'a zai samu.

Injiniya ne ya gina shafin rajistar daga Abuja. Ya cika shi da bidiyon tarakta da hotuna masu yawo, har da hotonsa. A kwamfutarsa sai sheƙi yake. To amma burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi a waya, ita ma tana tsufa. Yawancin wayoyin mutanenmu tsofaffi ne na hannu, an daɗe da daina sabunta su. In suka ci karo da shafi mai sabon salo, sai su nuna fari fat.

Da safiyar nan Baba Modu, wani dattijo daga Kirikasamma, ya shigo ofis. Kwalekwale ya hau, sannan acaɓa.

"Ɗana, kwana uku ina dannawa. Ko ni aka hana irin?"

Na karɓi wayarsa na kai wa Injiniya, wanda ya zo gari karɓar yabo. Da yatsa biyu ya riƙe ta, kamar an miƙa masa mushe.

"Wannan ai kayan tarihi ce. Ya sabunta mana."

"Yallaɓai, ba ta karɓar sabuntawa."

"To ya sayi sabuwa. Ba za mu mayar da fasaha baya saboda ƙauyawa ba."

A gaban mutumin da gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ya faɗi haka. Baba Modu ya miƙa hannu ya karɓi abarsa.

"Malam, da ita nake jin farashin shinkafa a Kafin Hausa, da ita nake ganin hoton jikokina. Aikinka ne kaɗai ta kasa ganewa."

Na tafi wajen sakatariyar ƙungiya, Hajiya Falmata, na roƙi izinin yin wani shafin. Ta ce, "Yi wanda zai buɗe. In an tambaya, ni zan amsa."

Kafin la'asar na gama. Ba hoto, ba kala. Gurbi huɗu ne kawai: suna, ƙauye, girman gona, lambar waya, sai maɓalli ɗaya. Duk aikin tantancewa na ɗauke wa wayar, na ɗora wa babbar kwamfutarmu. Washegari na hau babur zuwa Auyo, na zauna a rumfar mai cajin waya, duk tsohuwar wayar da aka zo ɗauka sai na roƙi mai ita mu gwada. Biyu suka ƙi, na gyara a nan take.

Da Injiniya ya ga shafin sai ya taɓe baki, ya ce kamar takardar asibiti. Amma ta cikinsa sunaye suka yi ta shigowa har Juma'a. Baba Modu ya samu irinsa. Wasu kuwa, waɗanda suka gaji da farin allo tun makon farko suka haƙura, labarin gyaran bai kai musu ba. Rani ya wuce su ba shuka.

A rahoton da ya aika sama, Injiniya ya rubuta cewa ya "ƙirƙiro sassauƙan shafi domin mutanen karkara". Har lambar yabo aka ba shi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu: in kun gama shafi, kada ku kawo min shi a kwamfuta. Ku nemo waya mafi tsufa a garin, ku tsaya a bakin fadama inda sabis ke yankewa, ku buɗe. In ya ƙi, ba manomin ne ya kasa ba. Ku ne.