Lakar da na shafa wa Kawu

"Da fartanya ta sare shi, me kuka sa wa ciwon?" likita ya tambaye ni, yana riƙe da sakamakon gwajin mugunyar ƙafar Kawu Sani.

Na ce, "Laka, likita. Ni na shafa mishi da hannuna don jini ya tsaya. Haka muke yi a fadamar Gatawa."

Ya ce, "Ƙwayar cutar nan, melioidosis, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa take zaune. Ga shi kuma kawun naku yana da ciwon suga."

Wata biyu Kawu yana fama da zazzaɓi kafin mu kai shi Sakkwato. An ba shi maganin maleriya, an ba shi na taifot, har an ce tarin fuka ne. Likita ya ce sai allurar jijiya ta sati biyu, sannan ƙwayoyi na watanni. Kwana huɗu Kawu ya samu, Allah ya karɓi abinsa.

Jiya a fadama maƙwabcinmu ya yanke, ya duƙa zai ɗebi laka. Na riƙe hannunsa, na hana shi.

Ku ma a garinku ƙasa ake sa wa ciwo?